Tambayi Masassaƙi: Ɗan Dusar Ƙanƙara na Katako Don Bishiyar Kirsimeti

Tun da muka buga hoton nan a fitowar da ta wuce, na 'yan mutum-mutumin dusar ƙanƙara da ɗalibaina suka sassaƙa da katako, farare masu baƙar hula da hanci ruwan karas, kowanne bai fi tsawon yatsa ba, wasiƙu ke ta shigowa. Ga shi Disamba ta kawo jiki. Na tsamo waɗanda amsarsu za ta amfani kowa, sauran kuma a yi mini haƙuri sai wata fitowar.

Baba, ina gaisuwa da fatan alheri. Ni malamar makarantar Lahadi ce. Na ga 'yan mutum-mutumin nan sun ba ni sha'awa ƙwarai, amma ko cokali ban taɓa sassaƙawa ba. Zan iya yin guda ashirin kafin Kirsimeti in raba wa yaran ajina? Me zan tanada, kuma ta ina zan fara?
*Daga wata malama, Tudun Wada, Jos*

Malama, ina amsawa, Allah ya yi wa aikinki albarka. Za ki iya. Ɗan dusar ƙanƙara shi nake fara bai wa duk wanda ya zo koyon sassaƙa a wurina, domin ba shi da yatsu, ba kunne, ba ƙafa. Dunƙule biyu ne da hula. In kansa ya ɗan karkace ko cikinsa ya fi na ɗan'uwansa girma, ba wanda zai ce an ɓata aiki, tun da na ainihin ma yara ne ke mulmula shi da hannu cikin sanyi.

Ki fara da wuƙa, don a nan duk aikin yake. Wuƙar kicin ta yi tsawo, ba za ki iya juya ta a ɗan ƙaramin wuri ba. Reza tana karyewa. Wuƙar aljihu mai naɗewa kuwa tana iya rufewa a kan yatsunki in ba ta da makulli. Abin da kike buƙata shi ne gajeren baki, santimita 3 zuwa 4, da ƙota mai cika hannu. Masu sayayya ta intanet kan sayi Morakniv ta ƙasar Suwidin ko Flexcut ta Amurka, kuma suna da kyau, amma maƙerin unguwarku zai ƙera miki daga tsohon magagari ko bakin zarto, ya sa mata ƙotar itace, ta yi aikin da waccan za ta yi. Ki ce masa ya fitar da bakin siriri, a kwance, kada ya yi masa kauri irin na adda.

Daga maƙera kada ki ɗora ta kan katako tukuna. Ki wasa ta a dutse, sannan ki manna samfefa mai laushi a kan gilashi, lamba 600, sai 1000, sai 2000, ki bi su ɗaya bayan ɗaya. Ki ƙarasa da fata. Guntun ƙirgi daga wurin dukawan Naraguta ya isa, ki manna shi a ɗan katako, ki riƙa jan wuƙar baya-baya, bakin yana bin bayanta, sau goma kowane gefe. Kina cikin aiki ma, duk bayan minti goma sha biyar ko ashirin ki sake gogawa a fatar. Ga yadda za ki gane ta yi: ki yanka kan katakon a gicciye, wato inda zarto ya datse. In wurin ya fito sumul yana ƙyalli, shi ke nan. In ya fito fari da gurje-gurje, ki koma samfefa. Na nanata wannan ne saboda dakusasshiyar wuƙa ita ke yanke mutum. Sai an danna ta da ƙarfi, in ta zame kuma da wannan ƙarfin take samun hannu.

Katakon, wanda zan faɗi irinsa a amsa ta gaba, ki sa kafinta ya tsaga miki sanduna masu faɗin santimita 2.5 ta kowane gefe, tsawo kamar santimita 20. Ɗan dusar ƙanƙarar zai ci santimita 7.5 ne kawai a can ƙarshen sandar, ragowar ita ce mariƙinki, don hannun hagu ya yi nesa da wuƙa. Sai kin gama za ki datse shi da zarto, ki fara na gaba. Da fensir ki zagaye sandar da layi huɗu. Daga sama ki auna santimita 1.5, wannan kan hula ne. Ki ƙara rabin santimita, bakin hula ke nan. Ki ƙara 2 don kai, sauran 3.5 ciki. A Amurka dunƙule uku aka fi yi, a Japan kuwa biyu, kuma ga mai koyo biyun ya fi sauƙi, ya fi kuma kyau a abu ƙarami.

Yanka iri uku ne za su yi miki aikin duka. Na farko ni nake ce masa yankan iyaka: ki dasa bakin wuƙa a tsaye a kan layin fensir ki danna, sannan ki zo daga ƙasa a karkace har ki iske wancan yankan, sai ɗan sassaƙe ya faɗo. Yankan farkon ne ke tare wuƙar kada ta zarce ta tsage abin da kike son bari. Na biyu turawa ne: hannun dama yana riƙe da ƙota, babban yatsan hagu yana kan bayan wuƙa yana tura ta gaba a hankali. Ƙarfin daga yatsan yake fitowa, shi ya sa wuƙar ba ta iya tafiya fiye da inda yatsan ya kai. Na uku jawowa ne wajen babban yatsan dama, yadda kike feraye dankalin turawa. A wannan ki naɗe yatsan da filasta ko ki ɗinka masa ɗan kube na fata.

Ki fara da sauke kusurwoyi huɗun nan, sandar ta koma mai gefe takwas, ki sake sauke waɗannan har ta kusa zama mulmulalliya. Sai wuya. Ki yi yankan iyaka a layin da ya raba kai da ciki, ki zagaya, ki sassaƙo daga sama da ƙasa, ki sake zagayawa kina ƙara zurfi kaɗan-kaɗan. Kada ki nemi zurfin a zagaye ɗaya. Itace yana da jijiya, kuma ita ke faɗa miki inda za ki bi. Kullum ki yanko daga wuri mai kauri zuwa siriri, daga tsakiyar ciki zuwa wuya, daga tsakiyar ciki zuwa gindi. In kika ga wuƙa tana nutsewa tana ɗaga itacen maimakon ta fitar da sassaƙe mai nannaɗewa, kin saɓa wa jijiyar, sai ki juya sandar ki zo ta ɗaya wajen.

Bakin hula shi ne wurin da masu koyo suka fi yin asara. Jijiyar itacen a tsaye take, bakin hular kuwa a kwance, don haka in kika sirantar da shi ɓallewa zai yi. Ki bar shi da kaurinsa, ki yi yankan iyaka a sama da ƙasansa a hankali, kada ki yi amfani da wuƙar kamar kina ɓamɓarowa. Hanci kuma kada ki wahalar da kanki. Ki huda ɗan rami da ƙusa a tsakiyar fuska, ki yanki kan tsinken sakace, ki tsoma a fenti ruwan lemo, in ya bushe ki sa masa ɗigon gam ki cusa. Idanu da maɓallan ciki, ki tsoma gindin tsinken a baƙin fenti ki ɗiga. Ki sa idanun kusa da hanci, ƙasa-ƙasa, fuskar ta fi fitowa da fara'a. A wuya ki ɗaura ɗan ƙyallen atamfa ko jan zaren ulu, ya rufe miki duk wani yankan da bai yi daidai ba. A tsakiyar kan hula ki huda ki murɗa ƙaramar ƙusa mai zobe, ki zura zare, ki ɗaga ki gani. In ya rataya a karkace, zoben bai zauna a tsakiya ba.

Abu ɗaya nake roƙonki: kada ki goge shi da samfefa. Waɗannan ƙananan fuskoki da wuƙa ta bari su ne kyawunsa, kowanne yana kama hasken fitilar bishiya ta nasa ɓangaren, kuma su ke nuna hannun mutum ne ya yi. Wanda aka goge sumul ba a bambanta shi da na roba da ake zubawa a kasuwa. Ƙari a kan haka, yashin samfefa yana maƙalewa cikin katako, in kika sake kai wuƙa wurin sai ta dakushe.

Tun da ashirin kike so, ki sassaƙa biyu ko uku ki gama su ɗungurum don hannunki ya gane hanya. Sauran ki yi su mataki-mataki, yau a ja layi a duka, gobe a fitar da wuya a duka. Fentin fari da ɗige-ɗigen ido kuwa ki bar wa yaran su yi a aji.

Kawu, barka da aiki. A bidiyon da nake kallo kullum basswood ake ambata. Na zagaya 'yan katako ba wanda ya san shi. Na gwada guntun maɗaci, hannuna ya yi kanta, wuƙar ma ta ƙi ci. Wane itace ne zai maye gurbinsa a nan?
*Daga wani ɗan koyon kafinta, Sabon Gari, Kano*

Ɗana, ka daina nemansa, ba ya fitowa a ƙasarmu. Itacen Arewacin Amurka ne, ɗan'uwan linden na Turai wanda masassaƙan Jamus suka daɗe suna yin siffofin coci da shi. Abin da ya sa ake son sa shi ne fari ne, mai laushi, jijiyarsa a miƙe, wuƙa tana bi ta kowace fuska ba gardama.

Muna da wanda ya kusa kama shi, kuma yana nan jibge a kasuwa: obeche. Yarabawa na ce masa arere, a Ghana wawa, a Kamaru ayus, a Kwaddibuwa samba, in ka faɗi ɗaya daga cikin sunayen nan mai katako zai gane. Akwai wani gwaji da ake auna taurin itace da shi, gwajin Janka, inda ake danna ƙwallon ƙarfe mai faɗin milimita 11.28 har rabinsa ya nutse, a ga ƙarfin da ya ci. Basswood yana cin fam 410, obeche kuwa 430. Ka ga tazarar ba ta taka kara ta karya ba. Ni a Kasuwar Katako ta nan Jos nake tsintar guntayensa a wurin masu tsaga, abin da suke zubarwa ya ishe ka aikin shekara.

Sai dai ka san halinsa. Wani obechen jijiyarsa a sarƙe take, ka yanka nan lafiya, ka matsa kaɗan ta juya maka. Ka duba gefen katakon kafin ka saya, ka zaɓi mai layuka a miƙe. Yana son wuƙa mai tsananin kaifi, in ta ɗan dakushe sai ta riƙa murƙushe shi maimakon yanka. Ƙurarsa kuma an san tana tayar wa masu aikin katako da asma, don haka in za ka tsaga shi da inji ka rufe hanci. Mai sassaƙa da wuƙa ba ya tayar da ƙura, wannan ma wani dalili ne na barin samfefa. Ka guji wanda ka ga 'yan ramuka da gari na zubowa, ƙwaro ya riga ka.

Bayan obeche sai malaina. Asalinta daga Asiya ne, an shuka ta da yawa a ƙasar nan, tana da daɗin yanka, amma tana jinkirin bushewa, ka tabbata wadda aka ba ka ta sha iska. Aduwa da ake yin allo da ita tana karɓar ƙananan zane da kyau, sai dai ta fi waɗancan tauri, ka bari sai hannunka ya faɗa. Rimi ya yi laushi da yawa, bakin hula ba ya tsayawa a jikinsa. Maɗaci da ƙirya kuwa ka bar wa masu gizago su yi kujera da turmi.

Wasu kan kwance katakon da ake ɗora kaya a kai a kwantena. Galibi fain ne, wani itace mai laushi da ake ce wa pine a Turance, ana iya sassaƙa shi in ka kauce wa gaɓoɓin. Ka duba hatimin da ke jiki. In ka ga HT, da zafi aka kashe ƙwarin, ba laifi. In ka ga MB, da guba aka turara shi, kada ka yi abin da yara za su taɓa da shi.

Malam, ni tambayata daban ce. Mu da ba mu taɓa ganin dusar ƙanƙara ba, me ya haɗa mu da wannan mutum-mutumi? Yana cikin labarin haihuwar Yesu ne? Ina ganin kwaikwayon Turawa ne kawai.
*Daga wani ɗalibi, Wusasa, Zariya*

Ɗalibi, tambayarka tana kan hanya. Ba ya cikin labarin. Ka buɗe Luka sura 2 da Matiyu sura 2, za ka sami makiyaya, garke, komin dabbobi, tauraro da masanan gabas, ba za ka sami dusar ƙanƙara ba. Ɗan dusar ƙanƙara abin lokacin sanyin Turai ne. In dusa ta sauka sanyin kuma bai yi tsanani ba, wajen digiri sifili, tana da ɗan danshi, sai ta riƙa kamuwa, a mirgina ɗan dunƙule a ƙasa ya yi ta girma. A 1494 an yi dusa mai yawa a Florence ta Italiya, mai mulkin birnin Piero de' Medici ya sa shahararren masassaƙin nan Michelangelo, yana saurayi a lokacin, ya gina masa mutum-mutumi da ita a farfajiyar gidansa. A sanyin 1511 mutanen Brussels sun cika titunansu da irin waɗannan siffofi. Har yau a Zurich ta Suwizalan, duk watan Afrilu ana ƙona wani ƙaton ɗan dusar ƙanƙara na ƙyalle da aka cusa wa abin fashewa, alamar sanyi ya wuce. Ya shiga kayan Kirsimeti ne saboda bikin yana faɗowa a tsakiyar sanyinsu.

Bishiyar kanta al'adar yankunan da ke jin Jamusanci ce tun ƙarni na 16. Ta bazu sosai bayan 1848, da jaridar Illustrated London News ta buga zanen Sarauniya Victoria da mijinta Albert, wanda Bajamushe ne, tare da 'ya'yansu a gindin bishiyar da aka ƙawata.

Amma labarin da ni ya fi taɓa ni shi ne na waɗanda suka mayar da kayan adon nan na katako sana'a. A tsaunukan Erzgebirge, gabashin Jamus kan iyaka da ƙasar Cek, akwai wani ƙauye Seiffen. Mutanensa mahaƙa kuza ne. Da kuzar ta yi ta raguwa har haƙarta ta tsaya a ƙarni na 19, sai suka juya ga abin da ya rage musu, wato daji da ƙarfin ruwan da a da yake juya injinan daka dutse. Suka koma juya katako, daga akushi da maɓallai zuwa kayan wasan yara. Wajen 1800 suka fito da wata dabara da har yau nake jinjina mata. Sai a ɗora yankin ɗanyen gungume a kan injin juyi, a sassaƙe shi ya zama zobe, mai kallo ba ya ganin komai sai zobe mai tudu da kwari. Da an datsa zoben, sai ga siffar doki ko saniya a bakin yankan, a yi ta yankowa sala-sala, zobe ɗaya ya ba da dabbobi da dama. A ƙauyen ne kuma Wilhelm Füchtner ya fara yin sojan katakon nan mai fasa ƙwaya da baki wajen 1870. Iyali guda ke aikin, uba yana juyi, uwa da yara suna fenti, a kai kasuwanni irin ta Kirsimeti ta Dresden, wadda ake ci tun 1434. A 2019 UNESCO ta sa yankin haƙar ma'adinan cikin wuraren tarihi na duniya. Mu da muke zaune kusa da tafkunan da haƙar kuza ta bari a Bukuru da Barikin Ladi mun san yadda gari yake komawa in kamfani ya naɗe kayansa, shi ya sa ba na iya karanta labarin Seiffen da sanyin jiki.

Ra'ayina shi ne a sassaƙa shi, a kuma gaya wa yara gaskiyar abin da yake, ɗan wasan sanyi ne na mutanen Turai. Ni a matsayin darasin farko nake ɗaukarsa. Wanda ya iya fitar da dunƙule biyu da wuya ya riga ya iya jikin tunkiya, ya iya makiyayi da sandarsa, kuma waɗannan kana ganinsu kullum a hanyar Wusasa, ba sai wani ya nuna maka hotonsu ba. In ka fi son ka fara da tunkiya kai tsaye, ma'aunin sandar ɗaya ne, kwantar da ita kawai za ka yi.

Baba, na yanko reshe ɗanye na sassaƙa guda shida, sun yi kyau. Kwana kaɗan da shigowar hunturu duk suka tsage daga hula har gindi. Wata ƙawata a Minnesota kuma ta ce nata ba su tsage ba, amma da ta shafa musu banish farin ya koma ruwan ɗorawa. Ina muka kuskure?
*Daga wata mai karatu, Kafanchan*

'Yata, naki laifin ɓargon reshen ne. Itace in yana bushewa ya fi tsukewa ta zagaye a kan ta tsakiya zuwa waje, kusan ninki biyu. In ɓargon yana tsakiyar abin da kika sassaƙa, wajen yana neman tsukewa ba inda zai je, dole ya buɗe baki. Ga kuma iskar hunturu da ke zuƙe ruwa ta kan yanka da sauri fiye da ta gefe. Ɗanyen itace ya fi daɗin yanka, wannan gaskiya ne, don haka in shi kike so ki nemi reshe mai kauri ki tsaga shi gida huɗu, ki sassaƙe ɓargon ki zubar, ki yi aiki da ɓarin. In kin tashi daga aiki ki sa shi a leda tare da sassaƙensa. In kin gama ki mayar da shi jakar takarda ki ajiye a inuwa cikin ɗaki mako biyu ko uku kafin fenti. Waɗanda suka tsage, ki kwaɓa garin katako da farin gam na kafinta ki cike, in ya bushe ki feraye da wuƙa, farin fenti zai rufe.

Ƙawarki kuma banish mai mai ta shafa. Shi da man linsid, wani man tsiro da ake shafa wa katako, duk suna da launin zuma, suna kuma ƙara rinewa da daɗewa. A kan katako zalla suna da kyau, a kan farin fenti suna ɓata shi. Ta nemi mai narkewa a ruwa, marar ƙyalli. Ni fentin akirilik nake sirkawa da ruwa, in shafa siriri sau biyu yadda sawun wuƙa zai ci gaba da fitowa, in ɗan ɗiga shuɗi mai haske a ƙarƙashin hula da lungun wuya, sannan in goga farin kakin zuma da ƙyalle. Ragowar farin fentin bango ma yana yi. Ki kuma faɗa mata, in ta taɓa amfani da man linsid kada ta dunƙule tsumman ta jefa a kwandon shara, yana iya kama wuta da kansa. Ta shanya shi a waje ko ta tsoma shi a ruwa.

Ranka ya daɗe, ɗana mai shekara tara ya ga hoton ya hana ni sakat, wai sai na saya masa wuƙa. Ni kuwa tsoro nake ji. In ba shi?
*Daga wata uwa, Barnawa, Kaduna*

Maman yaro, tsoronki daidai ne, amma kada ki kashe masa sha'awar. Ki fara ba shi sandar sabulun wanki da wuƙar roba, ya sassaƙa ɗan dusar ƙanƙararsa a nan, ga shi ma fari ne ko kusa da haka. A sabulu zai koyi ja layi, yankan iyaka da cire kaɗan-kaɗan. In kika ga yana zama ya gama guda ba tare da ya tashi da wuƙar a hannu ba, to ana iya ba shi ta gaske, da babba zaune kusa da shi kowane lokaci.

Ga ƙa'idodin da ba na sassauci a kansu. A zaune ake sassaƙa, gwiwar hannu a kan gwiwar ƙafa, aikin yana gaba da gwiwoyi, ko kuma a kan tebur. Ba a ɗora katako a cinya, domin babbar jijiyar jini tana bi ta cikin cinyar, yanka a nan ba ƙaramin abu ba ne. Ya miƙa hannu ya zagaya, duk wanda hannun zai iya taɓawa ya matsa. Hannun da ke riƙe da katako ya sa safar hannu mai hana yanka. Ya yi turawa kawai tukuna, jawowa sai nan gaba. Da an gama wuƙa ta koma kube, ta koma hannunki. In ya yanke, ki wanke da ruwa mai tsabta ki danne da ƙyalle, in jinin ya ƙi tsayawa bayan minti goma ko wurin ya buɗe, sai asibiti, a duba kuma ko rigakafinsa na tetanus yana nan daidai. In akwai ƙanin da bai kai shekara uku ba a gidan, ku rataya kayan adon can sama, hancin tsinke da ƙusar zoben abin haɗiyewa ne.

Baba, na bara da na ajiye a kwali na buɗe na tarar da gari a ƙasa da 'yan ramuka a jikinsu. Akwai magani?
*Daga wani mai karatu, zangon Kumasi, Ghana*

Ɗan'uwa, ƙwaron katako ne, kuma itacen wawa, wato obeche, abincinsa ne. Ka ware waɗanda suka huje, ka ɗaure su a leda ka matse iskar, ka sa a firiza mako guda. In ka fitar kada ka buɗe ledar sai sun huce, don raɓar ta tsaya a bayan leda. Ka toshe ramukan da kakin zuma ka taɓa da fenti. Bana in an sauke bishiya ka naɗe kowanne a takarda, ka zuba a gwangwani ko robar da murfinta ke kamawa gam, ka ɗora a sama nesa da bango saboda gara. In za ka sassaƙa sababbi, ka leƙa Ahwiaa, ga ta nan kusa da kai, ka tambayi masassaƙan kujera guntayen sese. Fari ne, yana da daɗin wuƙa, ya kuma fi wawa riƙe bakin hula.